Kayan Sallah na rabo: me ake fara soyawa, me ake bari sai jajibiri?

Cincin da dublan da alkaki da gireba da kek duk daga alkama suka fito, amma kwanansu ba ɗaya ba ne. Alkakin da ya ji suya ya sha zuma zai yi makonni yana nan yadda yake. Kek kuwa, a zafin Kano na watan Afrilu, in ya kwana huɗu a leda sai an shinshina kafin a miƙa wa baƙo. Uwargidan da ta ƙudura haɗa kala huɗu ko biyar ta raba wa dangi da maƙwabta ranar Sallah, wannan bambancin shi ne aikinta na farko, tun kafin ta tankaɗe fulawa. Shi zai nuna mata ranar farawa, da abin da za ta fara da shi, da waɗanda za su iya zama a mazubi ɗaya, har da gidan da ya dace a kai wa kowanne.

Tushen maganar ruwa ne. Babu kwaɓin da ba ruwa a cikinsa, ko na randa, ko na madara, ko wanda ke ɓoye cikin bota da ƙwai. Ƙwai kansa kusan kashi uku cikin huɗunsa ruwa ne. Suya da gashi korar wannan ruwan suke yi, kuma abin da ya rage shi ke yanke wa abu kwanakinsa. Masana kimiyyar abinci suna da wani ma'auni da ke tashi daga 0 zuwa 1, da shi suke auna ruwan da yake a sake cikin abinci, wato wanda hunhuna da ƙwayoyin cuta za su iya amfani da shi su rayu. In abu ya yi ƙasa da 0.6, ba abin da ke tsirowa a jikinsa. Cincin da ya soyu har ciki da busasshen biskit suna ƙasa da haka nesa. Kek mai laushi yana sama da 0.8, inda hunhuna ke sakewa. Alkaki da nakiya ba busassu ba ne ƙarau, amma sukari da zumar da suka sha sun ɗaure ruwan cikinsu, ba ya sakuwa balle wani abu ya amfana da shi. Kakanninmu da ba su san firji ba sun san abin da suke yi da suka sa su gaba cikin kayan gara: abu ne da za a kai gidan ango a yi ta rabo ana ɗiba, bai canza ba.

Sannan ruwa ba ya zama inda aka bar shi. In aka rufe mai danshi da busasshe wuri ɗaya, danshin zai yi ta ƙaura daga wancan zuwa wannan har su daidaita. Ki ɗaure yankan kek da cincin a leda ɗaya da daddare, da safe cincin ya saki, kek ya fara bushewa, kowa ya yi asara. Jamusawa da gangan suke aiki da wannan hali. Suna da wani biskit na zuma da kayan ƙamshi da ake yi don Kirsimeti, wanda birnin Nuremberg ya yi suna da shi. Matan gida kan gasa nasu makonni kafin bikin, in ya yi tauri su jefa yankan tuffa cikin gwangwanin, ya ba shi danshi har ya yi laushi. Su laushin suke nema. Mu garas-garas muke so, don haka a wajenmu mai ruwa ba ya kwana da busasshe.

Bayan ruwa sai mai. Abin da ya bushe ba ya hunhuna, amma man da ya sha yana tsufa. Iska da haske da zafi su ke tsofar da shi, kuma man da aka riga aka yi suya da shi sau biyu ko uku ya ci rabin hanya tun kafin ya shiga jikin cincin. Wannan maƙaƙin da ake ji a wuya idan cincin ya yi mako biyu, wanda wasu ke ɗora wa fulawa laifinsa, kusan kullum daga tsohon mai yake.

Akwai kuma yanayin gari, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce, shi ya sa Sallah ke ja da baya da kimanin kwana 11 duk shekara. A 2013 an yi ƙaramar Sallah ranar 8 ga Agusta, tsakiyar damina. A 2023 ta faɗo 21 ga Afrilu, a 2025 kuma 30 ga Maris, cikin bazara. Zuwa 2030 za ta kai farkon Fabrairu, ƙarshen hunturu. Wadda ta koyi dublan a hannun mahaifiyarta a shekarun Agusta, yaƙi da laima ta koya: a rufe da wuri, a dafa sukari ya yi kauri, kada a bar faranti a buɗe. A bazara abin ya juya. Iska a bushe take, cincin zai daɗe, amma bota na narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, kicin kuwa ya kai 40 tun kafin a kunna wuta, ga kwaɓi na bushewa yana tsagewa in ba a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta ba. Na hunturu kuma sai a tambayi masu suyar cincin ɗin Kirsimeti a Jos da Kaduna: bota ta yi tauri, ruwan sukari ya daskare tun ba a gama tsoma rabin kaya ba, ga ƙura. Awon kaya ɗaya ne duk shekara, amma hannun da ke aikin dole ya bi yanayi.

Lissafi daga mutane yake farawa. A zauna da biro da takarda a rubuta gidaje da sunayensu: iyaye, surukai, dangin miji, facaloli, maƙwabtan dama da hagu, malamin Islamiyyar yara, wadda ke taya aiki, almajirin gida. Sai a ware na baƙin da za su zo barka da Sallah, da na yara masu yawon Sallah, waɗanda kullum sukan ninka abin da aka zata. A ce gida 20 ne, kowanne za a kai masa kimanin rabin kilo. Kilo 10 ke nan, in aka ƙara na gida da na baƙi a ce 15. Kilo ɗaya na fulawa, in an sa sukari da bota da ƙwai ya kuma sha mai, yakan ba da kusan kilo ɗaya da rabi na cincin. Ashe fulawa kilo 10 ta kusa isar dukkan aikin, ba sai an ci bashin rabin buhu ba. Na kawo kilo ne saboda mudu da kwano da tiya kowane gari da nasa, har a kasuwa ɗaya ma wani ya fi wani. Wadda ba ta da sikeli ta zaɓi gwangwanin madara guda ta auna komai da shi daga farko har ƙarshe, ta kuma tuna cewa gwangwanin sukari ya fi na fulawa nauyi nesa ba kusa ba: kofin da ke ɗaukar giram 200 na sukari, fulawa kimanin giram 125 yake ɗauka.

Kala nawa? A ganina huɗu sun isa, kuma kada duka su zama na suya. Dalilin ba na ado ba ne kawai, ko da yake mazubin da ke da fari da ja da mai ƙyallin sukari ya fi ɗaukar ido. Kasko ɗaya ne, ƙafa biyu ce, ga azumi a baki. In kika zaɓi biyu na suya, ɗaya na gashi, ɗaya kuma wanda ba ya son ko ɗaya, kamar nakiya ko kantun riɗi ko alawar madara, to yayin da gireba ke oben kina iya yankan cincin. Ɗaya daga ciki ya zama shi ne mai cika mazubi, kuma cincin ne ya fi dacewa da wannan matsayi don ya fi araha ya fi auki. Sauran kaɗan-kaɗan. Matar da ta ce sai ta yi kala takwas don facalarta ta yi bakwai bara, yawanci a daren Sallah ake samunta tsaye kan kasko, lalle bai kama ba, kitso rabi. Hadisin da Buhari da Muslim suka rawaito, wanda ya hana maƙwabciya raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne, ya riga ya sauke mata wannan nauyin.

Fara shiri da wuri ba sabon abu ba ne. A Alƙahira zamanin daular Faɗimiyya akwai ma'aikata guda da ake kira Darul Fiɗra, aikinta kenan yin kayan zaƙin Sallah da rabawa, kuma tun tsakiyar Rajab take kama aiki. Gidanki ba daula ba ne, amma goman ƙarshe na Ramadan ba ta da sarari: ga tahajjud, ga zakkar fidda kai, ga zaryar gidan tela. Busassun kaya, wato fulawa, sukari, mai, riɗi, leda da robobi, a saye su kafin azumi ya raba tsakiya. Duk wanda ya taɓa kutsawa kasuwar Singa a Kano ana saura kwana uku Sallah ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ƙwai ne kaɗai za a bari sai ana gobe aiki. Bekin hodar da ta kwana biyu a kabad a gwada ta: rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ta mutu. Kuma duk abin da ba ki taɓa yi ba, ki gwada shi da gwangwani ɗaya na fulawa bayan shan ruwa a makon farko. Da rana ba dama. Ɗanɗanawa da harshe a tofar bai karya azumi, amma malaman Malikiyya sun karhanta shi, harshen mai azumi kuma ba alƙalin kirki ba ne a kan sukari.

Nakiya ce ta farko, don ita ce ba ta gaggawa. Soyayyen garin shinkafa ne da citta da kanumfari da masoro, a haɗa da dafaffen sukari ko zuma, a kirɓa a turmi da man shanu. Ko a makon farko na azumi aka yi ta ba komai, kwanciya ma ƙara mata daɗi take don kayan yajin su ratsa ta.

Alkaki na biye, wajen 18 zuwa 20 ga wata. Aikinsa kwana biyu ne. Barzajjiyar alkama ce, ba fulawa ba, irin wadda ake nomawa da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja. A murza ta da mai, a kwaɓa da abin da zai sa ta tsami, a rufe ta kwana. Washegari a daidaita tsamin da ruwan kanwa, a murza har ta haɗe jikinta, a naɗe, a soya. Inda ake faɗuwa shi ne wuta. Alkaki na da kauri, in mai ya yi zafi da yawa bayansa zai yi ja cikinsa na ɗanye, kuma wannan ɗanyen cikin ne zai yi tsami bayan kwana biyar komai yawan zumar da aka tsoma shi. Wuta kaɗan, haƙuri da yawa. In babu wadda ta iya a gidan, a ba masu yi su yi. Kowace unguwa a Kano da Katsina da Damagaram tana da tsohuwar da aka sani da shi, kuma ba abin kunya ba ne.

Dublan ya fi kowa neman bayani, ba don kwaɓinsa ba. Kwaɓin fulawa ne da ɗan mai da gishiri, a bar shi ya huta, a wuce da shi injin taliya har ya yi falan-falan, a yanka a naɗe. Hutun na da dalili: murza fulawa da ruwa na tayar da wani danƙo a cikinta, wanda ke sa kwaɓi ya riƙa tsukewa in an ja shi, kuma rabin awa a rufe ta isa ya saki. Rigimar na cikin ruwan sukari. In bai dahu ba, ruwan da ke cikinsa zai koma jikin dublan ya kashe garas ɗin da aka sha wuyar samu. In ya zarce, yana hucewa zai koma farin ƙanƙara a jiki yana zuba. Abin da ake nema shi ne a ɗiga shi a cokali ya ɗan huce, a taɓa tsakanin yatsa biyu ya ja zare ɗaya. Ga mai ma'aunin zafi, wajen digiri 106 zuwa 110 ne. Lemon tsami ko tsamiyar da ake sawa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Tsami na fasa wani ɓangare na sukari zuwa ƙananan sukari iri biyu, waɗanda ke hana sauran komawa ƙanƙara, shi ya sa dublan ke ƙyalli. Sai dai waɗannan ƙananan sun fi son jan danshi daga iska. In lemon ya yi yawa, ko aka daɗe ana tafasawa bayan an sa shi, dublan zai yi ta danƙo yana manne wa juna, musamman da damina. Don haka da damina a rage lemo a ƙara dahuwa, da hunturu a ƙara lemo kaɗan a bar tukunyar kusa da wuta.

Dabarar da ta fi sauƙaƙa aiki ita ce a raba dublan gida biyu. A soya shi tun wajen 22 ga wata, ya huce, a rufe shi a bushe ba sukari; a haka zai zauna lafiya lau. Ana saura kwana biyu ko uku a dafa sukari, a tsoma, a tsane a kwalanda, a barbaɗa riɗi tun bai bushe ba. Ya fito kamar yau aka yi shi.

Cincin kuma tsakanin 23 zuwa 26. A kilo ɗaya na fulawa, sukari giram 200 zuwa 250, bota 100 zuwa 150, ƙwai biyu, ɗan bekin hoda, madara da gyaɗar ƙamshi. Wannan awo ne da ke tsakiya, kowane gida na ja ta inda yake so. Amma kowane ja da abin da yake jawowa. A fara murza bota cikin fulawa kafin ruwa ya taɓa ta, domin man ya lulluɓe garin ya hana wancan danƙon tashi. Nan taushin cincin yake. Wadda ta zuba ruwa da farko ta yi ta murji, za ta samu mai karya haƙori. In bota da ƙwai suka yi yawa, cincin zai yi daɗi a ranar, amma zai marmashe a mai, man ya yi ta kumfa yana neman zubowa, kuma ba zai daɗe ba. In sukari ko madara suka yi yawa, zai yi ja tun cikinsa bai bushe ba, don su ne ke saurin ƙonewa. Cincin na rabo, wanda zai shiga mota ya kwana a gidan wasu, gara ya ɗan fi na ci a gida tauri.

Zafin mai wajen digiri 170 zuwa 180. In babu ma'auni, a jefa ƙwaya ɗaya: ta nutse, ta ɗan jima kaɗan, ta taso da kumfa a gefenta. In ta zauna a ƙasa shiru, man bai yi ba, cincin zai sha shi ya yi nauyi. In ta yi ja nan take, ya zarce. Kada a cika kasko, don kowane zubi na sauke zafin mai. A kakkaɓe garin da aka barbaɗa lokacin yanka, shi ne ke ƙonewa a gindin kasko ya baƙanta mai ya sa ɗaci. Alamar soyuwa ba kala ba ce kawai. Kumfar nan da ke tashi tururin ruwan ciki ne ke fita, don haka idan ta lafa, ƙarar ta ragu, ruwan ya ƙare. A kwashe yana ɗan fari fiye da yadda ake so, zai ƙara duhu a kwalanda. Kuma a bi tsari a mai ɗaya: dublan da farko, tunda ba sukari ko ƙwai a kwaɓinsa, ba ya ɓata mai, cincin daga baya. Man da ya taɓa ganin kifi, nama ko albasa, ko sau ɗaya ne, bai da hurumi a nan.

Gireba da kukis aikin 26 zuwa 28 ne. Gireba kusan ba ruwa a cikinta, fulawa ce da niƙaƙƙen sukari da mai, a danna a ludayi ko ƙaramin kofi, a sa riɗi a kai. Tsohon awon masu biskit ɗin bota shi ne sukari ɗaya, bota biyu, fulawa uku, bisa nauyi. Mai amfani da man gyaɗa ta rage, domin bota kashi 80 cikin 100 ne mai, saura yawanci ruwa, man gyaɗa kuwa zallansa ne. Sukarin a niƙa shi. Tunda babu ruwan da zai narkar da shi, in an sa shi da tsakinsa haka za a tauna shi. Kwaɓin kukis ɗaya ana iya raba shi uku, wannan a sa koko, wancan kwakwa, na uku a bar shi da filebo, sai mazubi ya yi kamar an yi aiki uku. A bazara a yi wannan kwaɓin bayan sahur, lokacin da gari ya fi sanyi, in ba haka ba botar za ta narke, kukis su baje a faranti su haɗe.

Wuta wajen digiri 160 zuwa 170, a juya faranti a tsakiyar gashi don babu oben ɗin da zafinsa ya daidaita ko'ina. Wanda NEPA ke riƙe da shi ba abin dogaro ba ne a satin Sallah. Babbar tukunya da yashi ko duwatsu a gindi tana yi, in an bar ta ta yi zafi tukuna, an ɗora faranti a kan wani abu don kada ya taɓa yashin, an kuma sa garwashin saman murfi ya fi na ƙasa. Akwai kuma gidan burodi. A Sudan da Masar, a goman ƙarshe, maƙwabta kan taru gida ɗaya su yi kwaɓi, yara su ɗauki faranti a ka zuwa gidan burodin unguwa, kuma Hausawan da ke zaune a can sun san wannan layi. A nan ma masu burodi da yawa na karɓa. Lokacin da ya fi shi ne bayan an kwashe burodi wuta ta fara sauka. A sa wa kowane faranti alama, kuma wani ya tsaya a kai, don mintuna biyar ne tsakanin gireba da gawayi.

Kek sai ranar 29. Wanda aka yi da mai ya fi na bota daɗewa da laushi. Kada a shafa masa komai a kai in zai fita daga gida.

Yawancin ɓarna bayan an sauke kasko take faruwa. An gaji, dare ya yi, sai a juye cincin da ɗuminsa a bokiti a danne murfi. Tururin da bai gama fita ba zai taru a murfin ya ɗigo. A baza shi a faranti, ba tsibi ba, sai ya yi sanyi har ciki. Washegari a duba cikin murfin. In akwai raɓa, a mayar da shi oben ko tukunyar yashi a wuta ƙasa-ƙasa na 'yan mintuna, ya sake hucewa. Kowane iri da mazubinsa, a wuri mai duhu, nesa da murhu. Mai na jan wari kamar yadda busasshen abu ke jan danshi. Bokitin da ya taɓa zama da omo, kabad ɗin da ke da daddawa, ɗakin da ake turara kayan Sallah da turaren wuta, duk za su bar sa hannunsu a jikin gireba. Ita kanta nakiya in ta kwana da kukis, da safe duk sun zama na kanumfari.

Saboda haka haɗawa cikin mazubin rabo shi ne aiki na ƙarshe, daren Sallah ko da safe kafin a sauko daga Idi. Kowane iri a ƙaramar ledarsa, a ɗaure, sannan a jera a roba: alkaki da nakiya a ƙasa, cincin ya cike gefe, dublan da gireba a sama don su ne masu karyewa. Kada a bar sarari, abin da ke girgiza shi ke dagargajewa. Kada a shimfiɗa jarida, tawadarta na narkewa a mai. A rubuta sunan gida a murfi, saboda 'yan aiken yara ne, kuma yaron da hankalinsa ke wajen hawan Sarki zai iya kai na suruka gidan maƙwabciya. Na facaloli da na kishiyoyin gida ɗaya su zama daidai a girma da a kala, za a gwada, ko ba a gabanki ba. Roba mai araha da ba sai an dawo da ita ba ta fi kwanon da za a yi wata ana cigiya, ta kuma sauke wa wadda aka kai wa nauyin neman abin da za ta saka a ciki ta mayar.

Abin da zai shiga mota zuwa wani gari a hannun direban tasha, cincin ne da alkaki da nakiya. Gireba dagargajewa za ta yi kafin ta isa, kek kuma ya yi gumi a leda. Tsohuwar da haƙora suka ƙare a ba ta gireba da nakiya. Dattijon da ke fama da ciwon suga, tulin dublan ba karamci ba ne a wajensa. Soyayyar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli mai kyau da ɗan cincin mara sukari sosai sun fi. In akwai gyaɗa ko riɗi a cikin wani abu, a faɗa wa uwar yara, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka, kuma abin kan yi tsanani. Gyaɗar da za a yi aiki da ita a tsince ta da kyau, a zubar da duk wadda ta yi hunhuna ko ta yanƙwane, domin gubar da hunhunar gyaɗa ke bari suya ba ta kashe ta.

Duk wannan jadawali a gina shi a kan azumi 29, ba 30 ba. Sai daren 29 fadar Sarkin Musulmi ke sanar da ganin wata ko rashinsa, kuma mai dangi a tsallaken iyaka ta san Nijar kan riga Najeriya da kwana ɗaya wani lokaci, kamar a 2024 da aka yi Idi can ranar Talata 9 ga Afrilu, nan kuma Laraba. In wata bai fito ba, kin samu rarar kwana, kek ɗin ma bai tsufa ba.

Babbar Sallah ta fi sauƙi ta wannan fuska, tunda ana sanin ranarta tun farkon Zulhajji, kuma ba azumin wata a baki. Nata sharaɗin ɗaya ne: a gama duk kayan fulawa, a rufe, a fitar da su daga kicin kafin a kayar da rago. Da an fara suyar nama, kasko da mai da iskar gidan duk na layya ne har kwana uku, kuma daga 2023 zuwa 2025 a watan Yuni ta faɗo, farkon damina; in ta faɗo da damina kuwa, ruwan sukarin dublan ɗinta ya fi son kauri.